Furojek a kan tseren dawaki: wai ina kuɗin yake shiga ne?

Autar Gida: Assalamu alaikum 'yan guruf, don Allah shawara nake nema. Ina ajin ƙarshe ɓangaren kasuwanci, sufabaiza ɗina ya yarda in yi furojek a kan harkar kuɗi a tseren dawaki. Taken da na kai masa shine "shin mallakar dokin tsere tana da riba?" Abin da na tsara, in ɗauko dawakai 50 da suka ci manyan gasanni, in duba nawa aka saye su, nawa suka ciyo, in cire wannan daga wancan shikenan. Ya kalli takardar ya ce in je in ƙara tunani, bai faɗa min inda matsalar take ba, wlh kwana uku kenan ina juya abun a raina

Tsohon Akanta: Wa alaikumus salam. 'Yata ai malaminki ya miki adalci da bai yaga takardar ba 😄 Kin zaɓo waɗanda suka ci, kuma kina tambaya ko ana ci? Sauran dubunnan da aka saya da tsada ba su taɓa shiga ko na uku ba fa, su wa zai ƙirga?

Autar Gida: Toh Baba ai su ba a jin labarinsu, a ina zan samo su

Tsohon Akanta: Yauwa, nan aikin yake.

Mai Son Ingarma: Bari in ba ki misali biyu ki ga abin da Baba yake nufi. A 2006 an sayi wani doki a gwanjo a Amurka mai suna The Green Monkey dala miliyan 16. Sau uku ya fita tsere, bai ci ko ɗaya ba, duk abin da ya kawo gida bai wuce dala dubu 10 da ɗoriya ba. Kafin shi akwai Snaafi Dancer, 1983, dala miliyan 10.2 a gwanjon Keeneland, shi ko filin ma ba a kai shi ba saboda ba ya gudu, aka ce to a mai da shi barbara, nan ma ba sa'a, haihuwar ma ba ta kankama ba. A gefe guda kuma Seattle Slew dala 17,500 aka saye shi, ya cinye manyan gasannin Amurka uku da ake kira Triple Crown a 1977. In kika bi tsarinki Seattle Slew zai shiga lissafi, waɗancan biyun ba za su shiga ba, sai ki rubuta a cafta ta biyar cewa kowa ya sai da gidansa ya sayi doki 😂

Autar Gida: Innalillahi 🙈 na gane. Amma duk da haka kyautar ai ba ƙarama bace, na ga Saudi Cup dala miliyan 20 ce

Mai Son Ingarma: Miliyan 20 ɗin duka kuɗin gasar ne, na ɗaya miliyan 10 yake ɗauka, sauran a raba wa na bayansa. Kuma sau ɗaya ake yinta a shekara, dawakai goma sha wani abu ne ke shiga. Kentucky Derby da duniya ta sani dala miliyan 5 ce tun 2024, na ɗaya ya samu miliyan 3.1. A ciki mahayi ya cire kamar kashi 10 cikin ɗari, mai horarwa ma haka, ba a zo maganar haraji ba.

Tsohon Akanta: Kuma doki ba mota bane da za ki kashe ki ajiye a gareji. Ko ya fita ko bai fita ba kullum sai ya ci, sai an biya mai horarwa kuɗin kwana, ga likita, ga mai buga masa takalmi, ga inshora, ga kuɗin ɗaukarsa zuwa fili, ga kuɗin rajistar shiga gasa. Ki sa wannan a gefe ɗaya, ki sa jimlar kyaututtukan da ake rabawa a ƙasar a ɗaya gefen, ki raba da yawan dawakan da ke horo. A galibin ƙasashe za ki tarar masu dawaki in aka haɗa su gaba ɗaya asara suke, ba wani ɓoyayyen abu bane, ƙungiyoyinsu da kansu ke kuka da hakan

Sai Na Gani: To in asara ce me ya sa masu kuɗi ke ta zubawa? Mai kuɗi fa ba wawa bane. Ni ban yarda ba gsky, akwai inda suke cin riba ba sa faɗa

Malamin Tattali: Akwai mana, kuma suna faɗa, mu ne ba ma kallon wajen. Barbara. Tseren kusan talla ce kawai ake wa ingarman, kasuwar tana farawa ne ranar da ya yi ritaya. Ku ɗauki Frankel na Ingila, tsere 14 ya yi bai taɓa faɗuwa ba, duk abin da ya tara bai cika fam miliyan 3 ba. Ya yi ritaya 2012, aka fara karɓar fam 125,000 kan kowace goɗiya da aka kawo masa, zuwa 2024 kuɗin ya kai fam 350,000. Yanzu ku ce goɗiya 100 kawai a shekara, alhali manyan ingarmu suna wuce haka, fam miliyan 35 kenan. A shekara ɗaya ya ninka abin da ya samu a fili fiye da sau goma.

Sai Na Gani: Kai! Fam dubu 350 don doki ya hau goɗiya kawai 😳

Malamin Tattali: Kawai. Amma Auta kar ki kwafi lissafina ki kai, na gefen takarda ne. Wasu goɗiyoyin na mai ingarman ne ba ya biyan kansa, wasu masu hannun jari a dokin ne, kuma yawanci yarjejeniyar sai ciki ya tabbata ko an haifi ɗa mai rai ake biya. Wani misalin da zai fi miki daɗin aiki Flightline ne a Amurka, tsere shida kacal, ya ci duka, ya tara kamar dala miliyan 4.5. A Nuwamban 2022 aka sa kashi 2.5 cikin ɗari na dokin a gwanjo, ya tashi dala miliyan 4.6. Wato ɗan yankin nan ya fi duk abin da ya ciyo a rayuwarsa ta tsere. In kika buga, ƙimar dokin gaba ɗaya ta kama dala miliyan 184.

Mai Son Ingarma: Kuma wannan ne ke ɓata min rai da harkar wlh. Doki yana tashe, yana shekara uku huɗu, mutane sun fara son shi, sai a janye shi a kai gona saboda tsoron kar ya karye ko ya faɗi darajarsa ta sauka. Mu 'yan kallo ko oho

Likitar Dabbobi: Ina bin ku tun ɗazu. Akwai dokar da in ba ki santa ba ba za ki gane dalilin tsadar nan ba ƙanwata. Irin dawakan da ake manyan tseren da su, Thoroughbred, ba a yi wa ɗa rajista sai in ingarman ne da kansa ya hau goɗiyar. Ba a karɓar na allura, wato a ɗebi maniyyi a raba wa goɗiyoyi, duk da a shanu da wasu jinsin dawakan ma ana yi kullum. Don haka akwai iyakar abin da ingarma ɗaya zai iya a kaka ɗaya, ga goɗiya cikinta kusan wata 11, ɗa ɗaya a shekara. Kaya kaɗan masu so da yawa, dole farashi ya hau. Shi ya sa in kakar ta ƙare a Turai ko Amurka ake ɗora wasu ingarmun a jirgi a kai su Ostireliya su sake wata kakar, tunda lokutansu a juye suke.

Autar Gida: Anti wannan doka saboda lafiya aka yita ko saboda kuɗi?

Likitar Dabbobi: Su dai suna cewa don kare asali ne da gudun kar jini ɗaya ya mamaye ko'ina. Ni a ganina duka biyun, amma na aljihu ya fi nauyi

Malamin Tattali: Ga abin da zai taimaka wajen auna wannan. A 2020 Jockey Club na Amurka, ƙungiyar da ke yi wa dawakan rajista, ta sa doka ingarman da aka haifa daga shekarar kar ya wuce goɗiya 140 a shekara, hujjarsu jini yana ƙuntata. Manyan gonaki uku na Kentaki suka garzaya kotu, 2022 aka janye dokar. Toh ki ga, dokar da ke tsare farashi kowa na riƙe da ita hannu bibbiyu, wadda za ta rage musu ciniki kuma ba ta yi shekara biyu ba.

Sai Na Gani: Malam da girmanka amma ni har yanzu akwai abin da bai zauna min ba. Ka ce riba tana wajen barbara. Mai sayen ɗan dukushin da tsada don me yake saya? Don ya ci tsere. Kuɗin tseren kuma daga ina? Kowa na ta kewaye-kewaye, a fito a faɗa mana, caca ce ke riƙe da abun gaba ɗaya

Tsohon Akanta: Ɗan nan ka taɓo inda yake ƙaiƙayi.

Malamin Tattali: Ba musu, a mafi yawan ƙasashe haka ne. Tsarin da aka fi amfani da shi wani Joseph Oller ne ya ƙirƙiro a Faris tun wajajen 1867: duk kuɗin 'yan caca a zuba a tukunya ɗaya, mai fili ya cire kasonsa tun kafin a saki dawakai, kamar kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari ya danganta da ƙasa da irin cacar, ragowar a raba wa waɗanda suka dace. Shi mai fili bai damu da wane doki ya ci ba, nasa ya riga ya shiga aljihu. Daga kason nan ake biyan haraji, a gyara fili, a fitar da kyautar gasa. Ranar Kentucky Derby ta 2024 abin da aka zuba a tseren nan ɗaya ya haura dala miliyan 200, kyautar kuma miliyan 5, ku gwada da kanku

Ummu Twins: Subhanallah. Ni dai ƙanwata da kin canza take, me ya haɗa ki da caca ana zaune ƙalau

Autar Gida: Anti ba yi zan yi ba fa, nazari ne 😭

Malamin Tattali: Hajiya mai binciken cutar kwalara ba shan ruwan yake ba. Kuma a nan ma akwai abin dubawa mai kyau, don ba ko'ina ne caca ke biya ba. Dubai World Cup tun 1996 ake yi, yanzu dala miliyan 12, Saudi Cup ta fara 2020, kuma duka biyun ba a caca a filin. Can gwamnati da masarauta da kamfanonin talla ne ke zuba kuɗin, abin da suke saye shine suna da baƙi 'yan yawon buɗe ido.

Sai Na Gani: Ba a yi a filin, amma mutanen waje suna yi a kan tseren ta intanet ai

Malamin Tattali: Suna yi, shi ya sa na ce a filin. Ka fiye sa ido 😄

Ummu Twins: Toh in dai za ta yi, ta rubuta har da waɗanda cacar ta tsiyata, ba ribar manya kawai ba. Kason da Malam ya ce ana cirewa ai daga aljihun wani ya fito

Tsohon Akanta: Wannan magana taki Hajiya lissafi ce tsantsa ba wa'azi ba. In ana cire kashi 20 a kowane zagaye, 'yan caca a dunƙule ba yadda za a yi su ci, wanda ya ci kuɗin ɗan'uwansa ya ci.

Mai Son Ingarma: Auta in kina son kwatance ki haɗa Hong Kong da Ingila, za ki sha mamaki. Hong Kong filaye biyu ne kacal, Sha Tin da Happy Valley, ba sa kiwo, duk dawakan shigo da su ake kuma akasari dandaƙaƙƙu ne, wato maganar barbara babu ita sam. Amma kulob ɗaya ne ke riƙe da tseren da cacar duka, ba na riba bane, kuɗin da ke juyawa a kaka ɗaya ya haura biliyan 100 na dalarsu, shine kan gaba wajen biyan haraji a can, kyaututtuka kuma manya. Japan ma kusan haka, hukumarsu JRA ta gwamnati ce tun 1954, cinikinta ya haura yen tiriliyan 3 a shekara, kashi 10 na tafiya baitulmali kai tsaye. Ingila kuwa da ake ganin su ne iyayen harkar, kamfanoni masu zaman kansu ne ke karɓar cacar, abin da ke dawowa tsere wani haraji ne da aka kafa tun 1961, tun 2017 kashi 10 na ribarsu, ba na cinikin ba fa, na riba, sai kuɗin haska tseren. Shi ya sa ƙananan gasanninsu kyautar ba ta taka kara ta karya ba, kullum masu dawaki na ƙorafi, ana ta sayar da dawakansu masu kyau zuwa ƙasashen waje

Autar Gida: Wayyo kaina ya cika. Barbara, gwanjo, caca, haraji, ƙasa huɗu, ni da wata biyar ya rage min difens

Malamin Tattali: Haka ne, kuma in kika kwaso duka za ki kawo abin da ba kai ba gindi. Tambaya ɗaya, data ɗaya. Da ɗalibata ce ke ga abin da zan sa ki. Gwanjon Keeneland na watan Satumba ana sa 'yan shekara ɗaya dubbai a kundi, sakamakon yana fili kyauta: uban doki, uwarsa, wa ya sayar, nawa ya tashi. Ki ɗauki shekara ɗaya da ta wuce da kamar shekara shida zuwa bakwai don dawakan su gama gudunsu, ki zaɓi 200 ko 300 ta hanyar ƙuri'a ba da son rai ba, ki bi kowanne a Equibase, shafin da ke ajiye sakamakon tseren Amurka, ki ga nawa ya ciyo. Tambayar: farashin gwanjo yana hasashen abin da doki zai samu? Wanda bai taɓa fita tsere ba ki rubuta masa sifiri, kar ki kuskura ki goge shi, su ne zuciyar aikin.

Tsohon Akanta: Ƙari biyu. Kar ki dogara da matsakaici na tarawa a raba, doki ɗaya mai miliyoyi zai ja shi sama ya rufe ɗari da suka dawo hannu rabbana, ki kawo na tsakiyar jeri ma. Sannan akwai waɗanda aka kaɗa gwanjo ba su kai farashin da mai su ya sa ba ya koma da abinsa, lambar da za ki gani a gabansu ba ciniki bace, ki ware su daban

Sai Na Gani: Ni fa ina ga wannan ma zai yaudare ta. Malam da bakinka ka ce kuɗin na barbara. Goɗiyar da aka saya miliyan ɗaya ba ta ci komai ba, amma jininta mai kyau ne, 'ya'yanta za su yi tsada. A teburin Auta asara ce, a aljihun mai ita riba. Ya kenan?

Malamin Tattali: Wallahi ka yi gaskiya, na yarda. Sai ta raba maza da mata, ko ta tsaya kan mazan kawai, tunda namiji in bai yi fice ba babu mai kai masa goɗiya, dandaƙe shi ake ya ci gaba da gudu. Kaɗan ne ƙwarai ke zama ingarman barbara. Ragowar kuma ta faɗa ƙarara a aikin cewa ba ta auna shi ba.

Sai Na Gani: Alhamdulillah yau na ci Malam 💪

Likitar Dabbobi: Tunda ana maganar abin da ba a aunawa, ni nawa ƙorafin kenan da irin binciken nan. Doki yana gama tsere yana shekara biyar shida, zai iya kai 25 ko fiye. Shekaru ashirin ɗin nan wa ke ciyar da shi? Ba ya cikin lissafin kowa. Ga waɗanda ke karyewa a fili a kashe su, abin da ya faru a filin tseren Santa Anita na Amurka a 2019 dawakai da yawa suka mutu shi ya ƙara zafafa maganar har Amurka ta yi dokar tarayya kan kare lafiyar dawakan tsere a ƙarshen 2020. Ko sakin layi ɗaya ne ki ba su ƙanwata

Mai Son Ingarma: Kuma harkar kanta tana tsukewa a wasu wuraren. A 1986 an haifi 'yan dukushi sama da 50,000 a Arewacin Amurka, yanzu ba sa kai 20,000. Singafo ta rufe filinta a Oktoban 2024 bayan shekara 180 da wani abu ana tsere a can, gwamnati na son ƙasar don gina gidaje, Makawu ma ta rufe a shekarar. Arlington Park kusa da Chicago an rufe 2021 aka sayar da filin. Wani lokacin ƙasar da doki ke gudu a kai ta fi tseren daraja

Tsohon Akanta: Wanda ke son ganin haka a takarda ya buɗe rahoton shekara na kamfanin Churchill Downs mai filin da ake Kentucky Derby, yana kasuwar hannun jari don haka dole ya bayyana. Sunan na doki ne, amma kaso mai tsoka na kuɗin shigarsu daga gidajen caca da injina yake.

Autar Gida: Malam wata tambaya, akwai waɗanda suka taɓa irin wannan binciken? Cafta ta biyu ce ke ban tsoro, kar ya ce ba litireca

Malamin Tattali: Akwai sosai, masana tattalin arziki suna son filin tsere don komai a rubuce yake kuma sakamako na fita nan take. Tun 1949 wani Griffith ya nuna 'yan caca suna zuba kuɗi fiye da kima kan dawakan da ba a sa ran su, suna raina waɗanda aka fi sa rai. Wanda ya fi kusa da naki na Chezum da Wimmer ne, 1997, sun duba ko mai kiwon da shi ma yana tsere yana riƙe nagari ya kai ragowar gwanjo, suka ga masu saye na rage wa irin waɗannan farashi saboda zargin haka. Har jami'o'i ke da sashen harkar, Arizona tun 1974, Louisville ma nata yana ƙarƙashin makarantar kasuwanci. Ba za ki rasa abin karantawa ba.

Admin: Jama'a na goge wani link da aka turo yanzu na tallar caca, wanda ya turo ya kiyaye, ba shi ake a nan ba.

Ummu Twins: Kun gani ko 😒

Autar Gida: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Sabon take: "Alaƙar farashin gwanjo da kuɗin da doki ke samu a tsere", maza kawai, guda 200. Gobe zan kai masa

Tsohon Akanta: 200 ɗin da hannu za ki bi su ɗaya bayan ɗaya fa, kuma a kundin gwanjo da yawansu ba su da suna tukuna, lamba ce da sunan uwa, ta sunan uwar da shekarar haihuwa za ki gano sunan da aka raɗa musu daga baya

Autar Gida: 😭😭 Baba me ya sa ba ka faɗa ba tun ɗazu. Malam 100 ba za su isa ba?

Malamin Tattali: Gwada 20 a daren nan ki ga minti nawa kowanne ke ci, sai mu yi magana.